Takardar Gargaɗin da Ba Taki Ba Ce

Ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, da hantsi, mijinki ya bugo ofis ya ce kin cika a asibiti bayan jinyar mako biyu. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Shekara sha tara kina riƙe da ɗakin ajiyar sauti na gidan rediyonmu. Kowa Yaya yake ce miki, har waɗanda suka girme ki. Na'urar ɗaukar murya takan ba fayil sunan lambobi marasa kan gado, mu kuma mu jibge miki su ɗari-ɗari. Ba kya bin su ɗaya bayan ɗaya. Sai ki buɗe baƙin allon nan na ba kwamfuta umarni, ki rubuta layi uku da za su zagaya fayilolin duka, kafin shayinki ya huce kowanne ya samu kwanan wata da sunan mai magana. Amma ba kya sakin umarnin sai kin sa ya fara nuna miki abin da zai yi, kin bi shi da yatsa. Nakan tsokane ki cewa ko tela ba ya awo haka.

Wata Alhamis kin fita cin abinci, ina sauri, na zauna a kujerarki. Na kwaikwayi layukanki, na tsallake gwajin, na kuma manta sashen da ke bambanta suna da suna. Fayilolin duka suka ɗauki suna guda, kowanne ya hau kan wanda ya gabace shi ya shafe shi. Cikin hira arba'in da ɗaya da aka yi da tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa, ɗaya kawai ta tsira. Ba a kai ga kwafe su ba, kuma bakwai cikin tsofaffin sun riga sun rasu.

Da kika dawo kika duba, abin da kika ce kawai shi ne, "Ɗan'uwa, tashi min daga kujera."

Lokacin ina da gargaɗi biyu a kaina, na uku kora ce, kuma kin sani. Da shugaba ya tambaya, kika ce a kwamfutarki abin ya faru. Ba ki yi ƙarya ba. Aka rubuta miki takardar gargaɗi, ƙarin girma ya wuce ki a shekarar, bai sake waiwayarki ba. Ni na yi shiru shekara shida. Tsoro ne ya hana ni magana, kuma ina jin kunyar hakan.

Jiya na shiga wurin shugaba na faɗa masa komai, na roƙi a cire takardar. Ya ce an riga an rufe takardun aikinki. Batun aikina kuwa, ya ce in jira Litinin.

Shi ya sa na rubuta a nan, inda 'ya'yanki za su karanta: mahaifiyarku ba ta taɓa ɓatar da muryar kowa ba. Ni na yi.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki da 'ya'yanki uku, Allah Ya ba su haƙuri. Yafiyar da ban nema wurinki ba kina da rai, yau wurinsu nake roƙonta.