Ranar da Na Jingine Katifa

Katifar nan mijina ya saya ana saura 'yan kwanaki a tura su, shi da sauran sojoji, aiki ƙasar waje. Mai kauri ce, irin wadda in ka zauna sai ta haɗiye ka. Shi da kansa ya ɗauro ta bayan mashin daga kasuwar Zuru har bariki, yana ta washe baki, wai in ya tafi ni da yaro mu ji daɗin barci. Ya tafi kuwa, ya bar ni a ɗaki ciki ɗaya a layin matan kofur-kofur, ni da ɗan wata takwas, a garin da ban san kowa ba.

Ni 'yar Jega ce. Maƙwabtana yawancinsu Dakarkari ne, mutanen kirki ba laifi, amma in sun zauna hira bakin famfo yarensu suke yi, sai an hango ni a juya Hausa a ce, "Sannu, amarya." Amarya da goyo! Ni kuma ga zuciya, ban iya cusa kai. In ɗebi ruwana in koma ɗaki. Wallahi akwai ranakun da in ba da yaron nan ba, ba na buɗe baki in yi magana da ɗan Adam.

Da damina ta kankama mura ta kama shi, ta sauka ƙirji. In yana numfashi sai ka ji wani ɗan fito, haƙarƙarinsa na shiga ciki suna fitowa. Na riƙa kwantar da shi rub da ciki a kan katifa, yadda na ga ana yi a gidanmu, don an ce haka majina ke sauka. Wata rana da azahar na bar shi yana barci na fita shanya. Ina dawowa na tarar fuskarsa ta nutse cikin soso, ya jiƙe sharkaf da gumi, yana ƙoƙarin ɗaga kai ya kasa, ciwo ya cinye ƙarfinsa. Na fizgo shi. Leɓensa ya yi duhu. Ko takalmi ban tsaya nema ba, sai asibitin bariki.

Nas ɗin da ta karɓe mu babbar mace ce mai faɗa. Sai da aka yi masa allura numfashi ya daidaita, sannan ta juyo kaina.

"Matar kofur, ina yake kwana?"

Na gaya mata, har da kaurin katifa, don ni a lokacin abin alfahari ne.

"To, katifar taku ku manya ku ci abinku. Wanga yaro rigingine za ki kwantar da shi, a wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe. Ba matashi, ba tulin zannuwa, kada ki tokare shi da komai wai don ya ɗaga. Risho da maganin sauro na hayaƙi, waje da su. In kin goya shi, fuska a buɗe ta gefe, kina leƙawa. Kin ga leɓe ya sake duhu ko ƙirji na lotsawa, ki rugo, ko me kike yi."

Na ce, "Har yaushe, Sista?"

"Kwantarwa dai rigingine kullum. Amma ranar da ya juya da kansa ya kife, ya kuma juyo da kansa, ƙarfinsa ya dawo, ki bar shi yadda ya zaɓa. Ranar nan sai ki yi barci ke ma."

Ɗakinmu bai ɗaukar katifa da tabarma a tare. Na ja ta da ƙyar ina haki na jingine ta a baranda, na shimfiɗa tabarma da ɗan zane guda, na ɗaura gidan sauro. Nan muka koma, shi rigingine, ni a gefensa ina kallon cikinsa na hawa da sauka. Ba kitso, ba kwalli, tsohon zane ɗaya a jikina, idanu sun kumbura don kuka da rashin barci.

Abin da ban sani ba, tunda ba mai gaya mani komai, a makon nan jita-jita ta cika bariki cewa an rasa wasu cikin waɗanda aka tura, ba a dai faɗi ko su wa ba. Kowace mace kunnenta a tsaye. To, ga katifar miji a waje, ga mata a tabarma da kumburarrun idanu. A bariki wannan ai takaba ce.

Da hantsi sai na ji kuka na tunkaro ƙofata. Magajiya ce a gaba, shugabar matan layi, bayanta mata sun kai goma, wata da kwanon tuwon dawa, wata da kunu. Suka cika ɗakin. Wata da ba ta taɓa ce mani ci kanki ba ta rungume ni tana, "Ki yi haƙuri, amarya, Allah ya ji ƙansa."

Na ce, "Wa ya mutu?"

"Ba maigidanki ba?" in ji Magajiya. "Mun ga katifa."

Sai da na gane, sannan raina ya ɓaci. Na ce, "Magajiya, mijina na nan da ransa, in Allah ya so. Ga mai jinya nan kwance gabanku! Na ratsa layin nan da gudu ba takalmi, yaro na mutuwa a hannuna, wa ya leƙo? Sai katifa ce kuka gani?"

Suka kalli juna. Wata ta fashe da dariya, ta kunya, saura suka bi. Magajiya ta duƙa ta kalli yaron, ta ce Allah ya ba shi lafiya, amma don Allah in shigar da katifar nan, tana tsinka wa mata zuciya. Na ce ba ta shiga. Suka fita ɗaya bayan ɗaya, suka bar mani tuwon. Ni da na kore su da baki, har ga Allah na so a ce sun zauna. Ɗakin nan bai taɓa cika haka ba.

Katifa ta ci gaba da zama a baranda, feshin ruwa na dukan ta. Yaro na shan magani, fiton ƙirji na raguwa, ni kuma ko wanka sai na bar ƙofa a buɗe ina kasa kunne.

Wata la'asar ina zaune ina tsince shinkafa, ya motsa cikin barci, ya karkata, ya kife. Na ajiye tire, hannuna har ya kai kansa, sai na tsaya. Ya ɗaga kai, ya yi ɗan gurnani, ya tokare tabarma da hannu, ya juyo rigingine abinsa, ya ci gaba da barci, numfashi sumul.

Na zabura na yi waje da guɗa a bakina. Matan na can bakin famfo, suna hirarsu da yarensu. Wata ta ɗago ta ce, "Sannu, amarya." Na ce, "Yauwa." Na tsaya kaɗan jikin katifar, hannuna a kanta, na gaya wa katifar a hankali, kamar mijina ne a gabana, cewa yaronmu ya juya. Sannan na koma na kwanta kusa da shi, na yi barci har magariba ta wuce ni.