Ranar da Sista ta raba uwa da 'ya'yanta

Shekara talatin da ɗaya Sista ta yi a ɗakin haihuwa, kuma doka ɗaya ta riƙe: da jariri ya faɗo, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa. Likita ko ɗaliba, duk wanda ya yi garajen ɗauke ɗa sai an jiyo muryarta har baranda. Ta yi ritaya, amma sunan aiki ya biyo ta gida. Har mijinta, tsohon tela, Sista yake ce mata.

Autarta ce ta ga zaman shiru na neman cinye ta, ta kawo mata akwatin gilashi da kifayen ado shida, irin ƙananan nan da ba sa yin ƙwai, haihuwa suke yi. Aka ajiye shi a falo kusa da keken ɗinki. Ba a yi mako uku ba Sista ta lura cikin wata mai jan wutsiya ya yi tulu.

"Wannan ta kusa," in ji ta. Ta ɗauko sabon littafi ta ja layi.

Ran Talata da hantsi mai jan wutsiya ta sauka. Sista ta sa tabarau ta ƙirga sau biyu: ashirin da uku, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba, daga ido sai wutsiya. Autar ta bugo waya ta ce mai sayar da kifin ya yi gargaɗi a raba su da uwar. Sista ta ja tsaki. Manyan biyar ta kwashe ta zuba a roba, ta bar mai jego da 'ya'yanta.

Laraba ta rubuta goma sha bakwai. Alhamis, goma sha ɗaya.

"Sista, anya ba tabarau ba ne?" in ji mijin.

"Baban yara, ni za a koya wa ƙirga jarirai?"

"To ina suka tafi? Makaranta?"

Ta ɗora wa na'urar tace ruwa laifi. Shi kuwa ya tsai da keke, ya zuba wa akwatin ido. Can ya yafito ta.

"Zo ki ga mai jegonki tana karya kumallo."

A idonta uwar ta bi ɗaya ta haɗiye, ta wuce abinta tana kaɗa wutsiya. Sista ta daɗe zaune, littafi a cinya.

"Uwa fa," ta ce a hankali.

"Uwa ce. Ba ta dai zo awo wajenki ba."

Kafin azahar ta sayo ƙaramin akwati da tasa na'urar tace ruwa. Yadda take shirya gadon jariri haka ta shirya shi. Rabin ruwan daga tsohon akwatin ta ɗebo, don kada su ji baƙunta, sauran kuma ruwan famfo ne da ya kwana biyu a bokiti. Ba ta zuba tsakuwa ba, don ta riƙa ganin ragowar abinci ta kwashe. Ta saka ciyawar ruwa su sami maɓoya. Mijin ya yanki tsohon labule mai raga ya ɗinka wa bakin na'urar hula, kada ta zuƙe su. Da kofin shayi ta ɗebo su ɗaya bayan ɗaya. Tara suka rage.

Ya ɗauki ƙaramin akwatin zai kai bakin taga, ta ce a'a. Ta tura shi har ya jingina da babban, gilashi na taɓa gilashi. Nan da nan uwar ta matso tana leƙe.

"Kada ki ce kewa ce," in ji shi. "Yunwa ce."

"Na sani. Ta dai gan su."

Sau huɗu a yini take murza musu abinci da yatsa ya zama gari, kowace safiya kuma ta ƙirga. Mako biyar lambar ba ta motsa ba. Ranar da ta tabbatar kowanne ya fi ƙarfin bakin uwarsa, ta mayar da su babban akwatin da kofin nan. Ta tsaya sai da ta ga uwar ta ratsa ta tsakiyarsu ba ta kula kowa ba, sannan ta buɗe littafi ta rubuta abin da ta saba rubutawa ranar sallama: uwa lafiya, 'ya'ya tara lafiya.