Sunaye Huɗu a Goshin Mota Ɗaya

Ilyasu Mai Fenti yana da shekara hamsin da takwas, kuma shekara talatin ke nan yana rubuta allunan shaguna a Diguel, wata unguwa a Njamena. Yana rubutu da Faransanci da Larabci. Mahauta da yawa a wannan gefen gari a ƙarƙashin allon da ya yi musu suke sayar da nama, da hoton rago a gefe, mai ƙaho ɗaya ya fi ɗaya tsawo, haka dai yake zana rago tun yana saurayi.

A Zangon Haladu aka haife shi, ƙauyen Hausawa da Fulani da ke arewa da Njamena. Daga can zuwa bakin kwalta wuni guda ne a kan jaki. Yayarsa Batulu tana can har yanzu. Man shanu take sayarwa, kuma jakinta ne ke kai ta bakin hanya ranar kasuwa. Da can akwai kamiyo, wata babbar motar kaya, da ke shiga ƙauyen duk mako, amma tun faɗan da aka yi a cikin gari a watan Fabrairun bara ba a sake ganinta ba. Wasu sun ce sojoji sun karɓe ta, wasu sun ce mai ita ya tsallaka iyaka da ita zuwa Kuseri.

Bayan ƙura ta lafa, wani ofishi da ke kula da sufurin karkara ya kira Ilyasu zuwa wani fili mai katanga a unguwar Habbena. Ya tarar da fararen bas guda uku, sababbi, ba a ko sa musu lamba ba. Mai kula da filin, wani Abdulgani, ya miƙa masa takarda mai sunayen ƙauyuka uku, ya ce a rubuta kowanne a goshin mota. Na biyu a jerin Zangon Haladu ne. Ilyasu ya ce bai taɓa ɓata lokaci a kan suna ɗaya kamar yadda ya yi a kan wannan ba. Da shuɗi ya rubuta shi, ya zagaye kowane harafi da ja.

A ranar ya nemi Saidou, mai fataucin shanu da ke bi ta ƙauyen, ya ba shi saƙo: mota na tafe, shi da hannunsa ya rubuta sunan. Mutanen Zangon Haladu ba su yarda da rediyo ba, amma sun yarda da ɗansu. Suka share fili a gindin tsamiya, suka kafa rumfa. Batulu ta sayar da jakinta, ta ce ta huta da neman masa harawa.

Bayan mako biyu Abdulgani ya sake kiransa. Motocin suna nan inda ya bar su. Aka ba shi wata takardar, da wasu sunaye uku.

"Shef, ai waɗannan na riga na rubuta musu."

"An canja tsari. Shafe ka sa sabo."

"To sai an kankare na ƙasan tukuna. In ba haka ba fentin zai tashi."

"Malam Ilyasu, mai hoto na zuwa da la'asar. Masallaci na ce ka ƙawata? Bi da fari a kai, kalas."

Ya bi da fari a kai. Sau uku aka yi haka cikin wata biyu, kowane karo mai hoto ya zo, a jera motocin, a ɗauka. Ilyasu bai ɓoye cewa tun karo na biyu ya gane abin da ake yi ba. Ya ce yana da iyali, kuma a lokacin mutane ba sa tambayar abin da ya shafi ofis.

Da damina ta faɗi Saidou ya dawo da amsa. Ya zauna a kan bencin shagon, ya sha ruwa, sannan ya ce, "Yayarka na gaishe ka. Ta ce sun gode da mota, ba ta cin mai, ba ta tada ƙura. Ta ce in ka samu sarari ka zana mata jaki, da ƙafafu huɗu daidai, ba irin ragonka ba." Sai daga baya ya ƙara cewa a ka take ɗaukar ƙwaryar man yanzu, kuma gwiwarta ta kumbura.

A watan jiya masu bincike uku suka zo filin da hotunan bas goma sha biyu. Aka shaida musu cewa tara an tura su karkara, 'yan tawaye sun ƙone su a hanya. An kira Ilyasu ranar don ya sabunta fentin ƙofa. Ya saurara har aka gama bayani. Sannan ya jingina tsaninsa a gaban mota ta tsakiya, ya hau, ya ciro wuƙar kankara daga aljihu.

Abdulgani ya ce, "Kai, sauko! Wa ya sa ka?"

Babban cikin baƙin ya ce a bar shi. Fentin ya riƙa tashi falle-falle, kamar yadda Ilyasu ya faɗa tun farko. Suna ɗaya ya fito a ƙarƙashin wani, har aka kai shuɗi mai zagayen ja. Baƙin suka duba hotunansu, suka dubi motar, ɗayansu ya rubuta.

Har yau ba a ji sakamakon binciken ba. Motocin uku suna cikin filin, ƙofar kuma wani ne ya ƙarasa fentinta. Wasu masu shaguna biyu da suka yi masa maganar allo sun fasa.

Ranar Talatar da ta wuce Ilyasu ya sayar da injin feshin fentinsa, ya tafi kasuwar dabbobi. Ya duba haƙoran jakuna huɗu kafin ya zaɓi wata jaka mai launin toka-toka. Saidou ya ce ya kawo ya haɗa ta da shanunsa. Ilyasu ya ce a'a, saƙo ya riga ya aika sau ɗaya. Washegari da hantsi ya rufe shagon, ya ɗaura mata buhun gero da maganin shafawa na gwiwa, ya kama igiyar ya nufi hanyar arewa.