Baffana Da Ya Dawo Daga Gabas

Ina budurwa, ban daɗe da gama sakandare ba, wani dogon tsoho ya sauka daga motar kasuwa a bakin hanyar ƙauyenmu da ke gefen Fagam. Farar jallabiya ce a jikinsa har idon sawu, da naɗin rawani irin wanda ba mu saba gani ba, ga akwatin ƙarfe a hannu. Ya tambayi masu kiwo ina kukar gidan ardo take. Kukar ta faɗi tun kafin a haife ni, amma gidan namu ne, don haka aka rako shi har zaure.

Babanmu ya fito suka gaisa, ya kasa gane baƙon. Sai tsohon ya ambaci sunan kakanmu da na kakarmu, ya ce shi ne yaron da aka tafi da shi Makka a ƙafa.

Labarin kowa ya san shi a gidan. Kakanmu ya sayar da shanu ya kama hanyar gabas da babban ɗansa, ya bar matarsa da jinjiri a goye, da alkawarin zai dawo. Jinjirin nan shi ne babanmu. Kakan ya rasu a Sudan bai ga Makka ba, daga nan labari ya yanke. Kakarmu ta mutu tana cewa ɗanta yana raye.

Aka kira Goggo, ƙanwar kakanmu, wadda idonta ya yi rauni sosai. Ba ta tambaye shi komai ba. Ta ce ya durƙusa ya cire rawani, ta shafa bayan kunnensa na hagu har yatsanta ya taɓa wani tsohon tabo.

"Shi ne," in ji ta. "A gabana saniyar uwarsa ta tunkuye shi a nan."

Ranar na fara ganin babanmu yana kuka. Ya riƙe hannun tsohon yana ta maimaita "Yaya, Yaya", kamar mai koyon kalmar.

Haka Baffa ya shigo rayuwarmu. Fitina ce ta tashe su daga garin da ya tsufa a cikinsa, matarsa ta riga ta rasu, sai ya ce gara ya je ya mutu inda aka binne cibiyarsa. Baba ya ba shi ɗakin da ke kusa da zaure da gonar bakin fadama.

Hausarsa ita ce abin dariyarmu. Hausar zamanin kakanni ce da ya tafi da ita a bakinsa, ta cuɗanya da Larabci. Har lokacin yana kiran kuɗi da sule da anini. In abu ya yi masa daɗi sai ya ce "kwayyis", har yaran gida suka koma kiran tuwon da aka zuba wa man shanu da yawa tuwon kwayyis. Ba ya jin haushi. Cewa yake mu ne Hausarmu ta lalace, mun cika ta da Turanci kamar miyar da aka yi wa ƙarin ruwa.

Bayan la'asar yakan shimfiɗa buzu a gindin darbejiya ya soya gahawa a ƙaramin kasko. Yana daka ta da citta, ƙarar turminsa na ƙarfe tana kaiwa har maƙwabta, dattawa su fara tahowa ɗaya bayan ɗaya. Da farko sun ce ɗaci gare ta. Kafin damina ta zagayo har mai gari yana aikowa a tambaya ko an ɗora. Ni ce mai wanke finjalai, ladana kuwa labari: babban kogin da ba a hango ɗaya gaɓarsa, gonakin auduga, Hausawan can da suka haifi jikoki ba su taɓa ganin ƙasar Hausa ba amma suna dama fura suna kiran nan gida. Aljihunsa ba ya rabuwa da dabino. Duk yaron da ya gaishe shi sai ya samu, wanda bai gaishe shi ba ma sai ya kira shi ya koya masa gaisuwa sannan ya ba shi.

Shi ya dage sai na wuce kwalejin horar da malamai, a lokacin da Baba yake ganin karatun ya isa haka. Da aka ɗaura aurena aka kai ni Birnin Kudu, inda na fara koyarwa a firamare, Baffa ya zama mai kai da kawowa tsakanina da gida. In kaka ta yi sai ga shi da sabuwar gyaɗa, ko riɗi, ko kwalbar man shanu daga Inna.

Shekarar da abin ya faru, tsoro ya yi wa mutane yawa. Kullum da sabon labari a waya: an sace mutum a wani gari, an ga baƙi a daji, wai daga ƙetare suke shigowa. Ba wanda ya gani da idonsa, kowa dai an faɗa masa. A makaranta iyaye suka fara zuwa ɗaukar 'ya'yansu da kansu. Ni ma na riƙa jan kunnen 'yan ajina kada su karɓi komai a hannun wanda ba su sani ba.

Ranar da hantsi, babu makaranta, ina tsakar gida ina wanki, ɗiyata tana goye. Matar maƙwabcinmu ta leƙo ta ce tun safe ake neman wata yarinya a unguwar, kuma yanzu an kama ɓarawon a kusa da famfo.

"Wai ɗan Chadi ne," in ji ta. "Dabino yake raba wa yara."

Ban san lokacin da na saki zanin da ke hannuna ba. Ko takalmi ban tsaya nema ba.

Daga baya na ji yadda aka yi. Baffa ya sauka a tasha ya biyo ta lungun da ya saba, sai ya tarar an yi sabon gini an toshe shi. Ya tsaya tambayar yara, ya sa hannu a aljihu kamar kullum. Wata mata ta hango, ta ƙwala ihu. Da aka kewaye shi ana tambayarsa daga ina yake, tsoro ya kwashe masa Hausar, Larabci ya riƙa fitowa. Wannan kaɗai ya ishe su shaida.

Na tarar da taro ya cika fili. Na kutsa ina ture mutane har na isa tsakiya. Yana zaune a ƙasa, rawanin ya warware an tattake shi, jini yana bin gefen fuskarsa yana sauka kan farar rigar. Gyaɗar da ya kawo mini ta watse ko'ina. Wasu matasa riƙe da gora, wani yana kiran a kawo taya da fetur.

Na faɗa kansa na rufe shi da jikina, ɗiyata tana tsala kuka a bayana.

"Baffana ne! Wan ubana ne! Ɗan Fagam ne, wallahi ɗan Fagam ne!"

Wani saurayi da ke sayar da katin waya a bakin titinmu, wanda kullum yake gaishe ni da Malama, ya ce, "Ɗan Fagam yana yare haka? Matsa, Malama, kada ya shafe ki."

Daga bayan taron wata murya ta ce, "Ku dube ta mana, ita ma irinsu ce. Jajayen nan ai duk baƙi ne, shanu suka biyo suka shigo."

Dukan da ya same ni a kafaɗa ya warke cikin 'yan kwanaki, amma maganar nan ta daɗe tana yi mini ciwo. Kaburburan kakannin kakannina suna nan tsakanin Fagam da Farin Dutse. Fulatancin ma ban iya ba, sai gaisuwa.

Wanda ya tsaya mana mahaucin unguwarmu ne, wani ƙaton mutum mai 'yar murya, wanda nake sayen nama a wurinsa. Ya shigo tsakiya da rigar aikinsa, ya tsaya a kanmu ya buɗe hannuwa.

"Na san tsohon nan," ya ce. "Na sayi raguna a hannun ƙaninsa a kasuwar Gwaram, na sha gahawa a ƙofar gidansu. Wanda zai sake taɓa shi, ya fara da ni."

Ba su watse nan take ba. Aka yi ta hayaniya, wasu na cewa an saye shi. Dutse ɗaya ya same shi a ƙirji, bai motsa ba. Ana cikin haka liman ya iso da mai unguwa, suka yi ta ba da baki har 'yan sanda suka zo. Mahaucin ne ya sungumi Baffa kamar yaro ya sa shi a mota.

Yarinyar da ake nema kuwa, kafin azahar aka gan ta. Ta bi yayarta gonar kakarsu ta wajen Surko ba a faɗa wa uwar ba.

A asibiti aka ce hannun Baffa ya karye, kunnensa na dama kuma ba zai ƙara ji ba. Da ya farfaɗo ya gan ni, abin da ya fara tambaya shi ne ko an bugi jaririyar. Na ce lafiyarta ƙalau. Sannan ya ce, "Ɗiyata, a can shekara da shekaru suna ce mini baƙo, ina cewa gaskiyarku, ina da gida. To yanzu me zan ce?"

Na gyara masa matashi kawai.

Baba ya zo ransa a ɓace, ya ce sai an ɗaure duk wanda ya ɗaga sanda. Maigidana ma haka. Baffa ya hana. Da aka sallame shi ya kwana biyu a gidana, mai unguwa ya zo da dattawa da iyayen yarinyar da wasu daga cikin matasan, suka cika zaure. Uwar yarinyar ta durƙusa daga bakin ƙofa tana kuka. Baffa ya karkato kunnensa mai ji ya saurare su har suka gama. Ya ce ya yafe, domin wanda ɗansa ya ɓata ba ya cikin hankalinsa. Sannan ya dubi matasan.

"Amma ku ba ɗanku ne ya ɓata ba," ya ce. "In da a ce ni ɗan Chadin ne, sai ku ƙone ni?"

Ba wanda ya ɗaga kai. Liman ya yi addu'a aka tashi.

Baffa bai sake zuwa Birnin Kudu ba. Bai taɓa cewa ya daina ba, kullum dai da dalili: gona, ko ciwon gwiwa, ko wahalar mota. Sai ni na koma mai zuwa. Duk hutun makaranta nakan kwashi yara mu tafi, kuma waɗannan hutun su ne mafi daɗin kwanakin da nake tunawa. Da hannun ya warke ya koma gonarsa ta fadama, ya cika gefenta da zoɓo, ya koya wa matan ƙauyen shanya shi a inuwa don kada launinsa ya kwashe. Kurumtar kunnen ma ya mai da ita abin wasa. In Baba ya fara faɗan taki ko na shanun da suka shiga gona, sai Baffa ya juya masa kunnen dama yana murmushi, ya ce, "Ci gaba, ƙanina, ina jin ka." Ɗiyata ta tashi a kan cinyarsa, ita kaɗai ce a cikinmu ta iya ƙirga da Larabcinsa.

Wata Juma'a na ga ya fito da hula zanna ya bar rawanin a ɗaki, don za su je ɗaurin aure wani gari da ba a san shi ba. Baba ya koma ciki ya ɗauko rawanin ya miƙa masa.

"Yaya, naɗa abinka. Tare za mu tafi."

Ya naɗa. Suka hau babur ɗaya, tsofaffi biyu, jelar rawanin tana kaɗawa a baya.

Ya rasu da damina, gero ya fara fitar da kai, bayan gajeriyar jinya. An binne shi kusa da mahaifiyarsa. Mahaucin ya rufe teburinsa ya zo jana'iza tun daga Birnin Kudu. Saurayin nan mai katin waya bai zo ba. Yanzu magidanci ne, 'ya'yansa biyu sun bi ta ajina. Muna gaisawa, sai dai har yau ba ya iya haɗa ido da ni.

Bara wata baƙuwar lamba ta kira ni. Muryar namiji ce, Hausarsa a karye, dole sai da ɗiyata ta taya ni fahimta. Ɗan Baffa ne, wanda suka rabu tun lokacin fitinar, kowa ya ɗauka ɗayan ya mutu. Ya daɗe yana cigiya kafin ya samu lambata. Na faɗa masa mahaifinsa ya rasu, muka yi kuka tare a waya. Ya ce yana so ya zo ya ga kabarin da danginsa, ya tambaye ni ko hanya lafiya.

Na ce masa ya zo, gidansu ne. Na ce in ya iso tasha kada ya tambayi kowa hanya, ya zauna a cikin motar ya kira ni, ni da maigidana za mu zo mu ɗauke shi.