Gangar Kakana da Aikin Hanya

Ban ga yaƙi ko ɗaya na kakana ba, don haka ba zan rantse a kansu ba. Tsofaffi dai sun ce kafin zuwan Nasara shi ne Sarkin Yaƙi a yankinmu, tsakanin Bodinga da Shagari, kuma shi ake aikawa sulhu idan garuruwa suka saɓa. Ni tsoho na tarar, mai noman albasa a fadama, da gangar yaƙi rataye a zaurensa. An ce duk namijin da ya ji ta, ko loma ce a bakinsa, sai ya fito, don ba a taɓa buga ta a banza ba.

Shekarar da na gama karatu na dawo gida koyarwa, Turawa suka tashi fasa hanyar mota. Aikin tilas ne, ga damina ta yi nisa. Da an hango 'yan doka sai maza su shige cikin gero. Mahaifina ke riƙe da garin, aka aiko masa cewa ko ya kawo mutane ko ya ajiye rawani.

Bayan la'asar ya zo zaure ya durƙusa.

"Baba, in ba a buga gangar nan ba, tuɓe ni za su yi."

"Wa yak kawo hari?" in ji Kaka.

"Ba kowa, Baba."

Kaka ya juyo gare ni. "Kai malamin boko, mi littahinku yac ce?"

Na ce al'amarin yana da fuska biyu.

"Abokina, kai ko kura ta kama ka, cewa za ka yi tana da hujja."

Da safe Kaka ya buga. Maza suka fito da baka da masu, har da waɗanda gemunsu ya yi fari, suka tarar da diga da kwanduna jibge a ƙofar gari, 'yan doka na tsaye. Wani tsoho da suka yi yaƙi tare ya ce, "Sarkin Yaƙi, ina abokan gaban?" Kaka bai ɗaga kai ba. Ciyawa ta ci gonaki da yawa a shekarar. Rawani kuwa ya tsira.

Da rani, mutane na fadama, wuta ta kama rumbunan bayan gari. Kaka ya sauko da ganga ya yi ta bugawa har hannunsa ya gaza. Sun ji ta sarai. Kowa ya kwanta cikin rake, yana zaton hanya ce kuma. Kafin mata su kai labari, ɗan hatsin da aka samu ya zama toka.

A gabana ya sa wuƙa ya farke fatar gangar, ya mai da ita inda take.

Wataƙila mahaifina ba shi da wata dabara. Na sha gaya wa kaina haka. Ya rasu da rawaninsa, kuma har ya rasu ta ƙofar baya yake shiga gidan Kaka.