Bel ɗin Ba Nkweto

A garin Mbala, idan ka ga keke ya miƙi hanyar Kawimbe da sassafe, an ɗaure masa sababbin robobin wanka har sun fi mai shi tsawo, ba sai ka tambaya ba, Boniface Kapambwe ne ya fita farauta. Idan da la'asar ka ji keken ya dawo yana ƙararrawa kamar an ɗaure wa akuya gwangwani, to ya yi sa'a.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana malamin gona. Gwamnati ta ba shi keke don ya koya wa mutane tazarar shukar wake, shi kuwa sai ya ɓige da leƙen akurkin kajinsu. A wani ƙauye ya fara ganin hular kwano ta wani tsohon sojan Bama, an kife ta baibai kaji suna shan ruwa a ciki. Ya ba matar gidan kwanon roba, ta ba shi hular, kowannensu ya juya da sauri kada ɗayan ya gane an cuce shi. Tun daga ranar ciwon ya kama shi. Gorar ruwan soja da wata tsohuwa ke zuba kananzir, akwatin albarusai da aka mai da ma'ajin irin gyaɗa, kwanson harsashin igwa da wani coci ke bugawa a madadin ƙararrawa, maɓallai, cokula, wata guntuwar wuƙar bakin bindiga da ake ɓare rogo da ita, duk sun bi bayan kekensa zuwa gida. Da 'ya'yansa suka yi aure ya ƙwace ɗakinsu. Kowane ƙarfe ya ɗaura masa ɗan kwali da zare, ya rubuta inda aka samo shi, a ƙasa kuma ya sa sunansa da kyakkyawan rubutun nan nasa na malamin gona.

Kowa a Mbala ya san a nan sojojin Jamus suka ajiye makamai a ƙarshen yaƙin duniya na farko, aka kwashi bindigogin aka watsa a tafkin Chila. Amma in Kapambwe ya ba ka labarin, sai ka rantse shi ya tuƙa kwalekwalen. Mutane kan saurare shi, su gyaɗa kai, in ya ba da baya su ce, "Sarkin Tsatsa ya wuce." Yana ji. Yakan yi kamar bai ji ba, amma abin yana cin ransa ƙwarai. Ba kuɗi yake nema ba, bai taɓa sayar da ko maɓalli ɗaya ba. So yake wata rana a faɗi sunansa a bainar jama'a ba tare da wani ya yi dariya ba.

Ranar ta nufo shi da kanta. Aka kafa kwamitin bikin cika shekara ɗari da ajiye makaman, aka ce za a yi rumfar baje kolin kayan yaƙi, kowane teburi da allon sunan mai shi, kuma za a karanta sunayen a lasifika gaban manyan baƙi. Sakatariyar kwamitin, Misis Nanyangwe, tsohuwar shugabar makaranta ce wadda ta doki rabin manyan garin. Ta zo ta zagaya ɗakin da tabarau a kan hanci, tana taɓa kaya da bakin biro.

"Ba Kapambwe, ka yi ƙoƙari," in ji ta, da "Ba" ɗin girmamawa da ake sa wa sunan manya a can. "Amma gwangwani gwangwani ne. Wannan ma na ga kamar na madara. Ba ka da abu ɗaya da baƙo zai gani ya ce lalle wannan na ranar ne?"

"Akwai shi, ranki ya daɗe."

"Yana ina?"

"Yana ajiye."

Bai yi ƙarya ba. Yana ajiye a ƙugun kawunsa.

Ba Nkweto, yayan mahaifiyarsa, tsoho ne mai shekara tamanin da 'yan kai, mai baki kamar reza, kuma shi ne ya fara laƙaba masa Sarkin Tsatsa. Wandonsa kullum yana riƙe da wani baƙin bel na fata mai faɗi, da kai na tagulla mai tambarin kambin Jamusawa. Nkweto na farko, wanda tsohon ya gaji sunansa da bel ɗinsa, ɗan dako ne a yaƙin. Shekara biyu yana ɗaukar akwatunan Turawa a ka, da aka tashi sallama bai ga lambar yabo ba, bai ga na gode ba, sai ya tsinci bel a bakin tafki ya ce wannan ladansa ne. Kapambwe ya yi shekara ashirin yana zawarcin bel ɗin nan. Wannan karon ya tafi ƙauye da sabon bel na kanti, da sukari, da ƙullin busasshen kifi.

"Ba Yama, kawuna, aro kawai," ya ce, yana durƙushe yana tafa hannu. "Kwana uku. A cikin gilashi za a sa shi."

"A gilashi? To wandona fa, wa zai sa shi a gilashi?"

"Ga sabo na kawo maka."

Tsohon ya juya sabon bel ɗin, ya shinshina. "Wannan fatar me ce, ta roba? Kai ɗan ƙanwata, an tura ka makaranta da kuɗin gero, ka fito kana bin bola. Tsaranka suna tara shanu. In ka mutu me za a raba, cokali mai rami?"

Ya karɓi sukarin, ya karɓi kifin, sabon bel ɗin kuwa a gaban idon Kapambwe ya ɗaure bunsuru da shi.

Cikin watan Agusta, bayan an gama ɗibar wake, Ba Nkweto ya kwanta bayan abincin rana bai tashi ba. Kapambwe ya yi kuka, kuma kukan gaskiya ne, don tsohon ne ya biya masa makaranta. Sai dai ko a bakin kabari idonsa na zagayawa yana neman inda aka ajiye bel. Matarsa, Bana Lombe, wato uwar Lombe, ta lura. Da suka keɓe bayan rumbu ta kama masa hannun riga, ta kira shi da sunan ɗansu, uban Lombe.

"Bashi Lombe, na ga idonka. Bel ɗin nan ba shi kaɗai yake tafiya ba, ka sani sarai."

"Al'adar ƙauye ce, a ƙauye za ta tsaya."

"Ƙauyen da ake zuwa a keke a dawo kafin tuwon nshima ya huce? To. Na dai faɗa."

Ta yi gaskiya, ya kuma sani. In babban mutum ya rasu, dangi kan zauna su zaɓi wanda zai tsaya a gurbinsa daga cikin ƙannensa ko 'ya'yan 'yan'uwansa mata. A ɗaura masa bel ɗin mamacin, shi ke nan ya zama shi: sunan ya koma kansa, 'ya'yan mamacin su kira shi baba, rigingimun gidan su zama nasa. Haka marigayin ma ya zama Nkweto. Sunan da aka raɗa masa ranar haihuwa, ko tsofaffi sai sun yi tunani.

Aka zauna a gindin mangwaro. Mai jan zaman Mayo Kangwa ce, wato Inna Kangwa, ƙanwar mahaifiyar Kapambwe, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu, 'yar ƙaramar tsohuwa da ta goya shi a baya yana jariri. Aka fara da yayan Kapambwe, fasto a Kitwe, ya ɗaga Littafi ya ce shi ya bar waɗannan abubuwa. Aka juya kan wani direban babbar mota, ya ce shi da ba ya kwana biyu a gari ɗaya ina shi ina riƙon gida. Gaskiyar magana kowa tsoro yake, don an ce hali yakan bi suna, kuma ba mai son ya wayi gari da bakin Ba Nkweto.

Ladabi shi ne in an ambace ka ka ƙi, a roƙe ka, ka sake ƙi, ka sunkuyar da kai har sai tsofaffi sun gaji. Da aka ce, "To, Boniface fa?" sai ya ce, "Kai, ban isa ba," amma yana faɗa yana kwance nasa bel ɗin. Wata mata ta tuntsire da dariya a cikin zane. Aka zaunar da shi a tabarma, aka shafa masa farin gari a goshi, aka ɗaura masa farin dutsen ado a wuyan hannu. Mayo Kangwa da kanta ta zagaya masa bel ɗin. Marigayin siriri ne, Kapambwe kuwa ya ci fansho, sai da ya riƙe numfashi kafin kan tagullar ya kama. Mata suka rangaɗa guɗa. Tsohuwar ta ja da baya, ta durƙusa a gabansa, ta tafa hannu.

"Sannu da dawowa, yayana," in ji ta.

Ya ji wani abu ya tsarga masa, amma yatsansa na kan kambin Jamusawa, sai ya bar abin ya wuce.

Sunan ya riga shi shiga gari. Mai faci a bakin kasuwa ya ce, "Ba Nkweto, a ƙara iska?" A coci aka matsar da shi zuwa bencin tsofaffi. Kowace Asabar sai ga mutanen ƙauye a ƙofar gida: wannan an ci masa iyakar gona, waccan mijinta ya sha giya ya sayar da gatari, 'ya'yan marigayin masu furfura suna ce masa baba suna cinye waken Bana Lombe. Ita ma ta shiga sahu. In ta kawo abinci sai ta rusuna fiye da kima ta ce, "Ba Nkweto, ga ruwa," ta fita tana danne dariya. Duk ya shanye, yana ƙirga kwanakin da suka rage kafin bikin na Nuwamba.

Ana gobe biki ya naɗe bel ɗin a tsumma zai kai wa Misis Nanyangwe, sai ya iske Mayo Kangwa zaune a baranda, ta zo kallon biki da jikokinta mata uku.

"Ina za ka da shi?"

"Mayo, gilashi kawai..."

"Ni ba uwarka ba ce yanzu. Kuma ka taɓa ganin yayana ya fita cikin mutane ba shi? Mai da shi inda yake. Wanda ke son gani ya zo ya gani a jikinka."

Haka aka yi. Ranar biki gari ya cika, ga sojoji da badujala, ga Turawa da jajayen wuya, ga 'yan makaranta da tutoci. Teburinsa ya fi na kowa tsawo. Shi kuma yana tsaye a ƙarshen teburin cikin kwat, duk baƙon da ya zo sai ya yaye kwat ɗin ya turo ciki gaba. Wani Bajamushe mai gemu ya tsuguna a gaban cibiyarsa da madubin ƙara girma, ya daɗe yana dubawa, ya miƙe yana cewa na gaske ne, na gaske ne. Kapambwe ya ji kamar ya tashi sama.

Sai da aka kawo allunan ya gani. Baƙin fenti a kan fari, rubutu tsaf: TARIN BA NKWETO.

Ya bi Misis Nanyangwe har bayan rumfa. "Ranki ya daɗe, an yi kuskure. Kapambwe ne. Boniface Kapambwe."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Ina wurin aka shafa maka gari. So kake in zagi danginka a gaban ministoci? Koma teburinka, kada a sace maka cokali."

Lasifika ta karanta sunan, aka yi tafi, ba wanda ya yi dariya. Wasu tsofaffi biyu da ke wucewa suka tsaya suna jinjina kai, ɗayan na cewa ai Ba Nkweto tun asali mutum ne mai son tarihi. Kapambwe ya tuna bunsurun nan da aka ɗaure da sabon bel ɗinsa.

Can wani ɗan jarida daga Lusaka ya iso da littafi a hannu. Ya zagaya teburin sau biyu, ya ce bai taɓa ganin irin wannan a hannun mutum ɗaya ba, za a buga a jaridar Lahadi da hoto.

"Shekara nawa aka yi ana tarawa, baba?"

"Talatin da takwas."

"Kai kaɗai?"

"Ni da keke."

"Madalla. Cikakken suna?"

To, ga shi nan. Jarida ba ta san gindin mangwaro ba, abin da ya faɗa shi za ta buga, kuma za a karanta har Kitwe. Ya buɗe baki. Sai ya ji ana jan gefen kwat ɗinsa. Mayo Kangwa ce, ta taso daga bencinta da ƙyar, riƙe da kofin kunun munkoyo mai sanyi a hannu biyu. Tun safe take zaune a rana tana nuna shi ga duk matar da ta zauna kusa da ita. Ta fara lanƙwasa gwiwa za ta durƙusa a cikin ƙurar nan, ya yi wuf ya tare ta.

"Sha, yayana, ka daɗe a tsaye," in ji ta. Idonta ya cika da ƙwalla. "Da Mama na raye ta ga yau. Mu huɗu ta haifa, na ɗauka ni kaɗai na rage."

Ya karɓi kofin. Ya so ya yi fushi da ita, ya nemi fushin ya rasa. Tausayinta ya kama shi, da tausayin kansa, bai san wanne ya fi yawa ba. Ɗan jaridar na tsaye da biro a sama.

"Baba, sunan?"

"Nkweto," ya ce.

"Nkweto wa?"

"Nkweto kawai. Rubuta da kyau, ƙanwata za ta sa a karanta mata."