Neman Muryar Isyaku a Doha

Funtuwa zuwa Kano

Ana kiran assalatu na fito da jakata, na yi sallar asuba a masallacin tasha. Direba ya dubi jakar ya ce, "Baba, Umara za a?" Na ce a'a, Qatar, kallon ƙwallo. Mota duka aka kwashe da dariya. Na ƙyale su, domin abin da ya fito da ni daban ne.

Muna samari a kwalejin horar da malamai muna da ɗan gidan rediyo a wani ɗakin ajiya, muryarsa ba ta wuce ɗakunan kwana da ƙauyen bayan katanga. Rabi ke karanta labarai, Isyaku ke gabatar da zaɓi da gaisuwa, ni kuma ina kan na'ura, tunda karatu bai karɓe ni ba. A aji biyu na tsaya na koma gyaran rediyo a kasuwa. Ba mu da jar fitila irin ta manyan gidajen rediyo, sai hannuna. In na ɗaga, kowa ya yi tsit. In na sauke na nuna mutum, dole ya yi magana ko da atishawa ce ta taso masa. Dokarmu ɗaya ce: ba a barin mai sauraro da shiru.

Bayan mun watse ni na fi kowa sakaci da zumunci. An yi aure, an yi suna, an yi rasuwa, ban taka ba. Sai a kullen korona Rabi, wadda yanzu Hajiya ce mai jikoki, ta nemo lambobinmu ta haɗa mu a zaure ɗaya na waya. Kowace Juma'a kowa ya turo muryarsa, Isyaku ne ke buɗewa daga Doha inda yake aikin tuƙi. Sai cutar ta kama shi har aka sa masa bututu a maƙogwaro. Ya tashi, amma daga nan sai rubutu kawai yake turowa, daga baya rubutun ma ya ɗauke, kira kuma ba ya ɗauka. Da Bashir, ɗan ƙanwata da ke karatu a can, ya samo mini tikitin wasa da katin shiga ƙasar, Hajiya ta ce, "Injiniya, kada ka dawo mana da hoton fili. Isyaku muke so."

Mun wuce shingayen 'yan sanda da dama kafin Kano. A filin jirgi ma'aikaci ya shinshina ƙullin kuka da daddawa da na ɗauko, ya yamutsa fuska ya ce in wuce.

Doha

Bashir ya tare ni da safe, muka shiga jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin ƙasa, cike da Turawa da Larabawa masu fenti a fuska suna kaɗa ganguna. Ya sauke ni a ɗakinsa a unguwar Nu'aija, ya ba ni shayin karak, mai madara da kayan ƙamshi.

Washegari muka nufi Souq Waqif, kasuwar da 'yan Arewa da yawa ke gadi. Duk wanda na ji Hausa a bakinsa sai in tambaye shi Isyaku direba, mai murya kamar ganga. Ba wanda ya san shi. Can wani mai gadi ɗan Gusau ya ce, "Dogo, mai furfura a gemu? Ai Baba mai raɗa kuke nema. A unguwar Bin Omran yake." Na dafa bango. Bashir ya ce, "Kawu, ko ka zauna?" Na ce mu je dai.

Bin Omran

Bayan sallar Juma'a muka isa gidan, tsohon gini ne na haya, takalma jibge a ƙofar kowane ɗaki. Isyaku ya leƙo da cokali a hannu. Ya daɗe yana kallona, sannan ya rungume ni. Da ya buɗe baki sai da na kai kunnena kusa.

"Injiniya, wa ya mutu har ka yi tafiya?"

"Kai ake nema. Hajiya ta aiko ni."

Muka zauna cin shinkafa da kaza tare da wasu samari biyu abokan ɗakinsa. Na ba shi kuka da daddawa, na isar da gaisuwar kowa. Ya ce duk Juma'a yana sauraronmu a mota in yana jiran kafil, wato ubangidansa. Na ce to me ya hana ka amsawa? Ya taɓa maƙogwaronsa. "Da waccan muryar suka san ni. Bar su su riƙe ta. Khalas, shi ke nan."

Ban iya gardama ba, ban taɓa iyawa ba. Aka ɗauke tire aka kawo shayi, samarin suka shiga musun wasan jiya. Na kife kofi na jingina wayata a gabansa, na danna ɗaukar murya, na ɗaga hannu sama.

Wallahi shi da kansa ya juya ya yi wa samarin alamar su yi shiru, kafin ma ya tuna inda yake. Na sauke hannu na nuna shi.

Ya harare ni. Lambobi suna ta gudu a fuskar wayar, ɗaki tsit, sai ƙarar na'urar sanyi. Na ga gumi a goshinsa. Ban janye yatsa ba. Sai ya gyara zama, ya matso, kamar yadda yake matsowa gaban makirufo a ɗakin ajiya.

"Assalamu alaikum, jama'a masu sauraro. Isyaku ne daga Doha. Muryar ta tsufa ta bar ni, amma gaisuwa tana nan."

Ya gaida mutum bayan mutum, da sunayen da muke tsokanar juna da su, har waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ya yi wa addu'a. Da ya gama ya ce, "Mugu, ba ka canza ba." Na miƙa masa wayar na ce turawa kuma naka ne, in ka ga dama ka goge. Ya riƙe ta har shayinsa ya huce, sannan ya danna.

Ba mu tashi ba amsar Hajiya ta shigo: "Isyaku, ka makara a shiri, kuma ka sa ni ta uku a gaisuwa. Mako mai zuwa ka gyara." Ya yi dariyar da ba ta da sauti, yana share ido da hularsa.

Komawa gida

Wasan da Bashir ya kai ni na gani, amma kada a tambaye ni wa ya ci. Isyaku ya nemi izini ya kai ni filin jirgi da kansa. Na sauka Kano da hantsi, na iso Funtuwa bayan la'asar na tarar da iyali lafiya.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Bashir, da mai gadin nan ɗan Gusau wanda ban ko tambayi sunansa ba, da Hajiya Rabi da ta nemo ni lokacin da ban nemi kowa ba. Juma'ar da ta biyo ina buɗe shago wayata ta yi ƙara. Na ƙure sautin na kanga a kunne. Isyaku ne ya buɗe, kuma da Hajiya ya fara.